Murmushin da Kawu Ya Koyar

Ranar da abin ya faru, aikin ma na Kawu ne. Wannan shi ne ƙashin da ya tsaya masa a maƙogwaro.

Edita ya rubuta a allon ɗakin labarai cewa Kawu zai je bikin buɗe sabuwar tashar mota, ya ba da rahoto kai-tsaye da tsakar rana. Kawu ya dubi allon, ya leƙa taga ya ga yadda rana ta take, ya tuna da gwiwarsa. Shekara ashirin da ɗoriya yana aiki a gidan talabijin ɗin nan. Ya halarci buɗe tashoshi da asibitoci, har da wani famfo guda da aka buɗe sau biyu. Sai ya ƙwala wa Auta kira, yarinyar da ba ta daɗe da gama koyon aiki a hannunsa ba.

"Auta, zo in yi miki gata. Yau ke za ki fita kai-tsaye."

"Kawu, gata ne ko dai rana kake gudu?"

"Yaran zamani ke nan. A miƙa muku tsoka ku ce ƙashi ne."

Ta yi dariya, ta ɗauki makirufo, suka fita ita da Dogo mai kyamara.

Tana tsakiyar rahoton, tana faɗin yawan motocin da za su riƙa tashi kullum, sai manajan kamfanin motocin ya biyo ta bayanta. Babban mutum ne, da tumbinsa da furfurarsa. Ya ɗora hannu a ƙugunta, ya matse, ya leƙo da fuska ta kafaɗarta yana washe wa kyamara baki, sannan ya wuce abinsa. Idon Auta ya ɗan buɗe. Amma ba ta juya ba, murmushin bai bar fuskarta ba. Ta ƙarasa jimlarta, ta mayar da masu kallo ɗakin shirye-shirye. Sai da fitilar kyamara ta mutu ta miƙa wa Dogo makirufo, ta taka har wurin 'yan sandan da ke gadin bikin, ta nuna musu mutumin da yatsa.

Kawu yana ɗakin labarai da kofin shayi a hannu ya ga komai a talabijin. Abin da ya fara zuwa masa a rai, Allah ya yafe masa, shi ne: "Madalla, ba ta juya ba." Ai ƙa'idarsa ce. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya haddace ta: idan jar fitila ta kama, ko gini ne ke rushewa a bayanka, kada ka juya, kada ka saki fuska.

Kafin magariba bidiyon ya shiga kowace waya. 'Yan sanda suka gurfanar da manajan bisa laifin taɓa jikin mace ba da yardarta ba, kamfanin ya dakatar da shi. Gari ya rabu. A shagon aski Kawu ya ji wani yana cewa a ɗaure mutumin a jefar da mukullin. Wani da rabin kansa a aske ya ce, "To ita me ya kai ta cikin direbobi?" Mai askin da kansa ya tsayar da injin ya ce, "Ni fa abin da ban gane ba, ai murmushi take yi." Babu wanda ya gane cewa mutumin da ke jiran layi abokin aikinta ne, ballantana a ce an taɓa ganinsa a talabijin.

Furanni suka fara zuwa ofis. Ƙungiyoyi suka zo da kwalaye masu hotonta. Gidajen labarai na ƙasashen waje suna kira, kuma da yake wayar ofis tana kusa da teburin Kawu, shi ke ɗagawa ya ce, "Riƙe, bari in kira ta." Shi da aka taɓa mari a bakin majalisa. Shi da aka taɓa turawa kwata ranar zanga-zangar 'yan kasuwa, ya dawo ofis yana wari, abin da kawai aka tambaye shi shi ne ko makirufo ya tsira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A gida ya kasa riƙewa.

"Kin san fa aikin nan nawa ne? Da ni na je..."

Matarsa tana guga, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Da kai ka je, wa zai taɓa ka, Baban yara?"

"Ba wannan nake nufi ba."

"To me kake nufi? Baƙin ciki kake an ci mutuncin yarinya ba a ci naka ba?"

"Ke ba ki san aikin jarida ba."

"Na san mai yin sa."

Gaskiyar magana, akwai kujera a tsakiyar lamarin. Mai gabatar da shirin hira na ƙarshen mako zai yi ritaya, kuma kowa a gidan ya san kujerar ta Kawu ce. Har kwat ya saya, ruwan toka, tana rataye cikin ledarta a bayan ƙofa. Sai ga Edita, wanda Kawu ya koya wa yadda ake riƙe makirufo tun yana yaro mai siririn wuya, ya tare shi a matakala yana sosa ƙeya.

"Kawu, na sama suna tunanin... ka gane. Yanzu jama'a fuskarta suke son gani. Ba a yanke ba tukuna. Ana jiran a ga yadda shari'ar za ta ƙare."

"Allah ya zaɓa mafi alheri," in ji Kawu, da muryar wanda ya riga ya san wane ne mafi alherin.

Shari'ar kuwa ta fara tangal-tangal. Lauyan manajan ya kama abu guda ya ƙi saki: murmushin. Ya ce wasa ne irin na bikin farin ciki, ita ma ta ɗauke shi wasa, ga fuskarta nan kowa ya gani. Sai daga baya da ta ga ana yayi ta ce an ci zarafinta. Masu kira a rediyo suka ɗauka suka yi ta juyawa.

Wata rana Kawu ya shiga ɗakin tace hotuna neman cajar waya, ya tarar da Auta a can ƙurya tana cin abinci. Ta ja kujerar ta jingina bayanta da bango. Ya lura kwanan nan haka take zama ko'ina.

"Tauraruwa, a nan aka ɓuya?"

"Kawu, don Allah bari. Ko layin banki ba na iya tsayawa. Da na ji motsi a bayana sai in zabura." Ta ajiye cokalin. "Mai gabatar da ƙara ta ce tana buƙatar wanda zai yi wa kotu bayanin murmushin nan. Na faɗa da bakina, lauyan ya ce ƙirƙira na yi. Kai ka koya min. In ka faɗa za su yarda."

Tausayinta ya kama shi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma a bayan tausayin akwai wani ɗan lissafi da ke tafiya da kansa: in shari'a ta faɗi, hayaniya ta lafa, in hayaniya ta lafa, kwat ta fito daga leda.

"'Yata, ɗan jarida ba ya zama labari. Wannan ma ai na koya miki."

Ta dube shi. "Ka koya min, Kawu." Ta ɗauki cokalinta.

Ya fita ba tare da cajar ba. Ya ji kunya, amma irin kunyar da ba ta hana mutum cin abinci.

Da haka za a tafi, sai Edita ya yi kuskure. Wani gidan talabijin ya gayyace shi hira, Kawu yana falonsa yana kallo. Aka tambaye shi batun murmushin. Edita ya gyara zama, ya haɗa yatsu, ya ce, "Wannan horo ne da ni kaina na ɗora ma'aikatana a kai. Kullum ina gaya musu, idan jar fitila ta kama, ko gini ne ke rushewa a bayanka..."

Kawu ya miƙe tsaye har rimot ya faɗi.

"Ɓarawo! Har da ginin! Ginin ma nawa ne!"

"Wane gini kuma?" in ji matarsa daga kicin.

"Yaron da ranar farko ya riƙe makirufo a juye! Shi ne ya ɗora ma'aikata?"

An ƙwace masa aiki ya yi haƙuri, ana shirin ƙwace kujera ya yi shiru, amma a ƙwace masa jimlar da ya yi shekaru yana gogewa? Washegari da safe ya yage ledar, ya saka kwat ɗin, ya kai kansa ofishin mai gabatar da ƙara.

Ranar shaida kotun ta cika har bakin ƙofa. Fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma a kan alƙali. Manajan yana zaune ya rame, tumbin ya sauka, matarsa a bayansa ta rufe fuska da mayafi. Kawu ya yi rantsuwa da muryar karanta labarai. Ya yi bayanin ƙa'idar tiryan-tiryan, ya faɗi shekarar da ya ƙirƙiro ta, ya jaddada cewa shi ya ƙirƙiro ta, ba wani ba. Ya ce ya taɓa sa Auta ta maimaita rahoto a harabar ofis yana buga murfin tukunya a bayan kunnenta, har sai da ta daina ƙiftawa. Alƙali ya rubuta. Kawu ya ji daɗi, rabon da wani ya rubuta maganarsa har ya manta.

Lauyan manajan ya tashi a hankali.

"Malam, kana nufin ko me aka yi mata, murmushin ba zai gushe ba?"

"Ko me aka yi mata."

"Ko an taɓa jikinta?"

"Ai ka gani da idonka. Ko gezau." Ya faɗa da alfahari, har da ɗan juyawa wajen 'yan jarida.

Lauyan ya koma ya zauna, don ya gane ya rusa ginin kansa da hannunsa. Kawu kuma ya hango Auta a benci na gaba. Ba murmushi a fuskarta, kallonsa kawai take, hannayenta a dunƙule a kan cinya. Maganarsa ta dawo masa kunne kamar wani ne ya faɗe ta. Ya sunkuyar da kai, ya sauko daga wurin shaida.

Alƙali ya samu manajan da laifi, ya yanke masa 'yan watanni a gidan yari. A cikin hukuncin ya ce murmushin da aka horar da mutum a kai ba yarda ba ne.

Kawu ya samu abin da ya daɗe yana nema. Hotonsa cikin kwat ruwan toka ya shiga kowace waya, a ƙasansa an rubuta: tsohon da ke koya wa 'yan mata murmushi ana cin zarafinsu. Masu kira a rediyo da suka gaji da manajan suka dawo kansa. Mai aski ya gane shi nan take, ya ce, "Lallai Baba, ashe kai ne mai murfin tukunya!" Edita kuwa ya fitar da sanarwa cewa gidan bai taɓa amincewa da wannan tsohon salon horo ba.

Kujerar aka ba Auta.

Ita ta zo har teburinsa, ta tsaya tana wasa da igiyar katin aikinta.

"Kawu, na gode. Ba don kai ba da manajan ya kuɓuta."

"Aikina na yi."

"Na san ba don ni ka je ba. Dogo ya ce wai jimlarka aka sata." Ta ɗan yi dariya. "Duk da haka na gode. Ina son ka zama baƙona a shirin farko. Mutane na zaginka, gara ka zo ka amsa da bakinka. Amma ka sani, tambayoyin ba na wasa ba ne. Ni ma ina da nawa."

Kawu ya jingina, ya yi kamar yana duba kalandar da ba komai a cikinta. Shirin farko. Ba kujerar da ya so ba ce, amma fitilar ɗaya ce ke haska su duka biyun.

"Zan duba," in ji shi. Ta juya za ta tafi, ya yi gyaran murya. "Auta. Ni kaɗai ne baƙon?"

"Kai da Dogo. Shi ya ɗauki hoton ai."

"Dogo?" Kawu ya cire tabarau. "Dogo me ya sani? Maɓalli kawai ya danna."