Layin da Ke Ɗauke da Sunan Rula

Ghassan na zuba gahawa, amma kunnensa na ofishin maigidansu Abu Tarik, inda ake wanke Rula tas.

"Sakamakon gwajin mace, ya tafi wayar surukarta!" in ji Abu Tarik. "Baiwar Allah ta ɓoye ciwonta, manhajarmu ta tona mata asiri. Asibitin da muke yi wa aiki sun ce ko mu sallami wanda ya yi, ko su soke aikin. Sunanki ne a kan layin manhajar da ya jawo haka, 'yata."

Sunanta ne kuwa, amma ba hannunta ba. Watan jiya Rula, sabuwar ma'aikaciya, ta maƙale a wani jeri na Java, yaren da suke rubuta manhaja da shi. Irin jerin nan ne da ke ɗaukar komai, amma sai ka faɗa masa irin abin da zai riƙe: marasa lafiya kaɗai, ko danginsu kaɗai. In ka cakuɗa, na'ura ta ƙi, ta ja jan layi. Ghassan, wanda ke koya mata aiki, yana sauri kada cunkoson motocin birnin Amman ya rutsa da shi, sai ya ja kujera gaban kwamfutarta, ya goge irin, ya bar jerin baki buɗe, marasa lafiya da danginsu suka cakuɗe. Jan layin ya ɓace. "Kin gani? Ba a gardama da ita, lallaɓa ta ake yi." Har da dariyarsa.

Yanzu gahawar ma ɗaci kawai take yi masa. Kunya ta ishe shi, tsoro kuma ya fi kunyar. 'Ya'ya uku gare shi, shekarunsa sun ja, wa zai ɗauke shi?

Rula ta fito ido jawur, ta nufo shi. Ya ce a ransa: Shi ke nan, ta tuna.

"Ustaz Ghassan, ka yafe min, na zubar maka da mutunci. Kai ka koya min aiki." Ta juyo masa da kwamfutar. "An ce in tattara kayana. Wallahi ko lokacin da na rubuta layin ban tuna ba. Don Allah nuna min inda na ɓata, kada in maimaita a wani wurin."

Ƙofar Abu Tarik a buɗe take. Ghassan ya dubi ƙofar, ya buɗe baki, sannan ya sunkuya ya ɗora yatsa a kan layin.

"Nan ne. Ba a cire wa jeri irinsa."

"Allah ya saka da alheri, Ustaz," ta ce.