Idon Masta Issifu

Tun kafin motar haya ta trotro ta tsaya, Baba Issifu ya ce sun iso Magajin, unguwar makanikai da masu walda, hancinsa ya shaƙi baƙin mai da ƙonannen ƙarfe. Jikarsa Munira ta kama hannunsa ta sauko da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da wutar walda ta gama cinye masa ido.

Ba yawon buɗe ido ta kawo shi ba. Mijinta Shakiru ma mai walda ne, idanunsa kullum jajir suna zubar ruwa. Likita ya ce ko ya riƙa sa gilashin walda, ko ya makance. Shi kuwa gogan ya ƙi, wai abokan aiki za su ce ya zama mace. Maganar mutum ɗaya yake ji a duniya, ta tsohon nan, kuma tsohon ya yi mata alkawari zai sa shi ya riƙa sawa.

Suna tafe yana zuba. Yadda ya baro Tawa a bayan motar shanu, Magajin ɗin duk rumfunan kwano ne da taɓo. Yadda suke haɗa hannu a kwanon wake da shinkafa ɗaya, Bahaushe da Ba'asante da Bafarafare, ba mai tambayar wani garinsu. Kai, har muryarsa ta koma ta saurayi.

* * *

A rumfar su Shakiru guduma ta tsaya cak. Manyan mutane masu furfura, waɗanda ya koya wa aiki, suka yo kansa suna kiran Masta. Aka goge masa benci, aka kawo shayi. Wani ya daki ƙirji ya ce ga wanda ya yi shekara arba'in yana walda bai taɓa ɓoye fuska ba.

Munira ta saka wa tsohon gilashin a hannu, ta matsa yatsunsa. Ya shafa shi, ya juya. Kowa ya zuba masa ido.

"Mu a zamaninmu runtse ido muke yi," in ji shi. "In ya yi zafi, a ɗiga madarar gwangwani, gobe a dawo aiki."

Aka kwashe da shewa. Shakiru ya karɓi gilashin yana dariya, ya rataye a ƙusa. Munira ta ja hannun tsohon suka fita.

* * *

A mota ta matsa can jikin taga, nesa da tsohon. Sai da suka kusa Zango ya lalubo hannunta.

"Amaryata, kin yi fushi. Na daɗe ba a kira ni Masta ba."

Ta kau da kai. Can ya sake matsowa.

"'Yar nan taku da nake ɗauka kullum, wai da wa take kama ne?"