Tabarmar Iyatu a Ƙofar Lakwal

Lakwal ɗinmu, wato makarantar firamare ta gwamnati, tana can ƙarshen unguwar Titirou, kusa da wata kwata da ba a yashe ba tun shekarar da na fara koyarwa a wurin. Ni ke riƙe da ajin ƙarshe. A 'yan shekarun nan unguwar ta yi ta lalacewa sannu a hankali. Masu hali suka tashi zuwa unguwannin Guéma da Ganou, fitilun titi suka mutu, bayan katangarmu ya zama juji. In hira ta biyo ta kan lakwal a ƙofar masallaci, maganar ɗaya ce: malamai ba sa zama. Ba ƙarya ake mana ba. Da goma ta yi, wasunmu kan cika allo da aiki, su hau babur su tafi koyarwa a lakwal ta kuɗi, ko su yi zem, wato acaɓa, su ɗebi fasinja. Ni ban taɓa fita ba, amma ban taɓa buɗe baki ba.

Wata Asabar maƙwabciyata Iyatu mai goro ta same ni a zaure. Jikarta Rauda tana aji biyar, wurin Mushe Abdulrashid; Mushe ake ce wa malamin lakwal a nan. Ta ce uban yarinyar, ɗanta Awwalu, ya kira daga garin Djougou: tunda malamai ba sa zama, da an yi hutun Disamba zai zo ya ɗauke ta.

"Tun tana wata takwas take hannuna, Mushe Habou. Ita ke ɗiga mini maganin ido. In ta tafi, da bango zan yi hira?"

Na ce ta kai ƙara a rubuce wurin darakta, shugaban lakwal ɗin.

"Ni da ban san alif ba? Bari dai. Ƙofa nawa gare ku?"

"Ɗaya ce, Inna."

"To, madalla."

Ranar Litinin na tarar da ita a bakin ƙofar, ta shimfiɗa tabarma, faifan goro a gabanta an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙarfe goma sai ga Abdulrashid a kan babur zai fita. Ɗan mutunci ne, ba ya wuce tsohuwa a zaune. Ya kashe inji, ya durƙusa. Ina kallonsu ta tagar ajina.

Ta tambaye shi kwana, ta tambaye shi gajiya. Ta tambayi mai ɗakinsa da yaran ɗaya bayan ɗaya, da ƙafar mahaifiyarsa, sannan ta ba shi labarin yadda kakansa da mahaifinta suka sha hanyar fataucin goro tare. Da ya yunƙura zai tashi, ta ce, "Ina zuwa da ranar nan, ɗana?"

"Kantin magani zan leƙa, Inna."

"Ayya! Allah ya sawwaƙe. Yi maza, ina nan. In ka dawo ka nuna mini, ko irin nawa ne."

Cikin minti goma sha biyar ya dawo da ƙwayar ciwon kai da ba ya bukata. Ta jujjuya ta a hannu, ta yi masa addu'a, ta ɓara goro ta ba shi rabi. Ya koma aji.

Haka ta yi da kowa. Wanda ba ya jin Hausa ta gaishe shi da Dendi ko Baatonum. Wata malama da ta zo daga kudu ta ce Faransanci kawai take ji, Iyatu ta riƙe mata hannu tana "bonjour, ça va" har malamar ta fashe da dariya ta juya. Ban taɓa jin ta yi wa wani faɗa ba. Ruwan ƙarshen damina ya same ta a wurin, ta rufa leda a ka. Matan unguwa suka riƙa tsokanarta, wai gwamnati ta ɗauki sabon mai gadi ba albashi. Ta ce musu, "Ku dai ku zo sayen goro." Masu zubar da shara ma suka fara jin nauyin idonta, suna canja hanya da bokitinsu.

Awwalu bai jira hutun ba. Saura mako guda ya iso da mota, ya biya gida ya ɗauko jakar Rauda, ya tsaya a ƙofarmu wajen goma. Ya durƙusa ya gai da uwarsa, ya ce yana son su kama hanyar Djougou kafin azahar.

"Ba a fita kafin sha biyu," in ji ta. "Malamai ma ba sa fita, balle ɗan kasuwa. Zauna."

Ya zauna a gefen tabarma da babbar rigarsa, awa biyu cur. Daga ajujuwa shida muryoyin malamai ke tashi, yara suna amsawa. Da aka tashi, Rauda ta fito da gudu, ta ga jakarta a mota, ta tsaya cik. Uban ya karɓi littafinta ya yi ta buɗawa, shafi bayan shafi, kowanne da jan biro na gyara. Sai ya kira ni gefe.

"Mushe, tsakaninka da Allah. Ran da tsohuwar nan ta kasa fitowa, za su zauna?"

Na ce ban sani ba. Wasu sun saba da zaman yanzu, wasu kunyarta ce kawai ke riƙe su. Alkawarin da zan iya ɗauka shi ne, duk ran da na ga aji ba malami zan yi magana, kuma baɗi Rauda ajina za ta shigo.

Ya daɗe yana kallon uwarsa, wadda ta sunkuyar da kai tana yayyafa wa goro ruwa kamar zancen bai shafe ta ba. Daga baya ya buɗe mota, ya fito da jakar, ya miƙa wa yarinyar.

"Kai gida. Mu ga ƙarshen shekarar karatu."

Iyatu ba ta ɗago ba sai da motar ta sha kwana. Sannan ta miƙo mini hannu.

"Ɗaga ni, Mushe. Gwiwoyin nan sun ƙi."