Bangon da Aka Cire wa Tokara

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, Hausar ma a bakin Inna na tsince ta a unguwarmu Al-Jaradiya, nan ƙasar Larabawa, Larabci ya fi zama a hannuna. Amma wannan dole in faɗe shi.

Babana, Buraima, magini ne daga Damagaram. Suna gina wa wani attajiri zauren biki a hanyar Dir'iyya, irin ginin Turai na da can da ake kira Gotik. Ran Juma'a bayan la'asar ya kai mu ni da Inna mu gani.

Na san irin ginin a littafi. Da, bangon gine-ginen Turai kauri gare shi, ciki duhu. Da suka so haske sai suka tsinina baka, wato lanƙwasar da ke ɗauke da rufi, suka sirance bango suka cika shi da gilashi kala-kala. Nauyin dutse kuwa yana tura bango waje, don haka suke kafa masa tokara daga baya, kamar hannun da ya dafe mai shirin faɗuwa.

Na zagaya bayan zauren. Babu tokara ko ɗaya, sai gurabensu.

Baba Jibirilla, abokin aikin Baba, ya ce, "Mai wuri ya ce sun cinye masa filin ajiye motoci. Khalas, shi ke nan, muka rushe."

Na juya wajen babana. "Baba," na ce, "me zai riƙe bangon?"

Babana ya ce, "Ji ustaziya! Ke, Sahadatou, baka ai baka ce. Wadda kakanki ya ɗaura a Zinder har yau tana nan."

"Amma bangon kaka kauri gare shi..."

Inna ta mintsine ni. Ba a yi wa uba gyara a gaban maza.

Muka shiga ciki. Haske ja ya kwanta a ƙasa, katakai sun tallafe rufin tun daga ƙasa har can sama inda haƙarƙarin dutsen suka haɗu. Ba iska, amma gari-garin siminti na zubowa a kafaɗar abayata. A gefen wata taga na ga tsaga siririya, an shafe ta da sabon filasta, ta sake buɗewa.

"Bukra, gobe da safe, za a cire katakan," in ji Baba Jibirilla. "Babanki ne zai tsaya a tsakiya yana ba da umarni. Shi ne mu'allim, babban magini, mu 'yan kallo."

Suka yi dariya, rufin ya maido musu da ita.

Baba ya rataye rigarsa a ƙusa ya tafi wanke hannu. A aljihun akwai bitaƙar shiga wurin aiki, wadda in babu ita mai gadi ba ya buɗe wa kowa ƙofa. In ya rasa ta gobe zai yi faɗa, wataƙila kafil, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yi masa wulaƙanci. Baba Jibirilla kuma tasa tana wuyansa, ba yadda zan yi da ita.

Na zare ta Baba na tura cikin safata. Inna na kallon gilashi. Na bi gefen bango a hankali, ban taɓa shi ba, na fice.