Kujerar Lilon Haris

Tun da Haris ya sayi gida mai ƙaton fili a garin Pleasant Garden, can ƙasar waje, ya rasa abin da zai yi da filin. Wata rana ya je wurin wasanni, ya hau jirgin lilon nan mai hawa da gangara kan layin katako, ya dawo ya ce shi ma zai gina nasa. Kafintancinsa kaf a bidiyon waya ya koya.

Da ya gama ginin, ranar Asabar ya kira yayarsa Turai da 'yarta Suhaila su zo a buɗe. Turai ta zagaya abin, baki a taɓe. Katakon ya wuce rufin gareji, iska kaɗan sai ya hau ƙara. Kujerar ta roba ce, irin ta zaman biki, an yanke ƙafafun an kafe ta da ƙusa a kan wani ɗan keke mai bin layin. Bel ɗin da zai riƙe mutum kuwa daga tsohuwar jakar tafiya aka ciro shi.

"Suhaila za ta fara," in ji Haris. "Ita ce mara nauyi."

"Kai ka hau?"

"Yaya, kin san bayana."

"Na sani. Da shi ka ɗora katakon nan har sama."

Suhaila ta ce da Turanci ai ita tana so. Uwar ta harare ta.

Turai ta shiga kicin, ta jawo buhun shinkafa, ta dasa shi kan kujerar, ta ɗaure bel ɗin tam.

"Ga mai farawa."

Haris ya yi dariya, wai mata da tsoro. Ya ja keken da igiya har ƙololuwa, ya saki. Gangaren farko lafiya lau, har ya juyo yana ɗaga hannu. Ana shan kwana bel ɗin ya tsinke, kujerar ta tuge, buhun ya tashi ya daki katanga ya fashe. Shinkafa ta watsu cikin ciyawa.

Haris ya sosa ƙeya. "Ai buhu ba shi da hannu. Da mutum ne, da ya riƙe."

Turai ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ja dogon tsaki, ta kama hannun 'yarta suka nufi mota. Ya biyo su yana ƙorafin wai shinkafar mai tsada ce.

Ta sauke gilashi.

"Ina isa gida zan kira Mama a Zariya, ta ji abin da ta haifa."

Ta ja mota ta bar shi tsaye a ƙofa.