Gajeriyar Ƙusa

Ƙusa ta shida ce ta ba Naziha wahala. Ta danna injin huji da ƙirjinta har kan ƙusar ya tsinke ya yi tsalle cikin ruwa. Farantin ƙarfen da ke haɗa sandar kwance da doguwar sandar jirgin ya faɗo mata a cinya, gishirin teku ya cinye shi ya yi fari fat.

"A hankali," in ji Munsif, mijinta, daga kujerarsa a bakin gaɓa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi shekara biyu da suka wuce, magana ɗaya-ɗaya take fito masa, amma ba da umarni bai ragu da komai ba.

Dokar ƙungiyarsu ta masu ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska a garin Binzart ba ta san rashin lafiya ba. Jirgin da ya shekara biyu bai buɗe ƙyallensa ya kewaya alamar bakin tasha ba, gurbin da ake ɗaure shi a tasha ya tashi. Si Lutfi, sakataren ƙungiya, ya ba su zuwa la'asar ta yau, kuma dole mai jirgin ko iyalinsa ne zai tuƙa. 'Ya'yansu duk suna nesa. Munsif kuwa, in aka raba shi da wannan gurbi inda yake wuni yana kallon jirginsa, Naziha ta san ɗaki zai shige ya kwanta, ba zai ƙara fitowa ba. Saboda haka ita za ta tuƙa, ita da rabonta da sandar tuƙi shekara goma sha ɗaya.

A wancan karon ita ce a kan tuƙi. Iska ta juya, sandar kwance ta ɓalle daga wannan farantin, ta maki Munsif a kafaɗa ta karya masa ƙashi. Tun daga nan labarin ya zama abin nishaɗinsa a kowane taron biki: Naziha ta iya keken ɗinki, amma kada a bar ta da iska. Takan yi dariya tare da mutane, ta dawo gida zuciyarta a ƙuntace, don ita ma ta yarda laifinta ne.

"Gwangwani," Munsif ya ce, yana nuna ƙarƙashin benci. "Akwai ƙusoshi."

Ta buɗe tsohon gwangwanin alawa, ga ƙusoshin ribit cike. Irin waɗanda ake ɗaurawa ta gefe guda ne, tunda hannu ba ya shiga cikin bututun sanda. A zura, a ja da filaya, wutsiyar ta kumbura a ciki ta riƙe. Ba wanda ke ganin abin da ya faru a cikin. Wannan ne bai kwanta wa Naziha ba, macen da ta yi shekara talatin tana ɗinki ba ta taɓa sa almakashi a yadi ba tare da awo ba.

Ta zare fil daga ɗankwalinta, ta lanƙwasa bakinsa, ta zura ta ramin farantin da na sandar a haɗe, ta maƙalo shi ta ciki, ta dafe da farce. Ta ɗora a tef ɗinta: milimita shida. Ta ɗauki ƙusa guda ta gwada. Da ƙyar wutsiyarta za ta leƙa bayan ƙarfen, balle ta sami abin kumbura.

"Ina za ki?" Munsif ya tambaya da ya ga ta ɗauki jaka.

"Kasuwa. Sha shayinka kafin ya huce."

Shagon Amm Hamadi yana lungun bayan tsohuwar tasha, tsakanin mai gasa kifi da mai gyaran raga. Tsohon yana cin lablabi, faten wakensu, a kwano, ya ɗago yana lasar cokali.

"Lalla Naziha! Yau tela a shagon ƙarfe? Maɓalli ya ƙare a garin ne?"

"Ajiye cokalin, Amm Hamadi, sauri nake. Ina son ribit mai riƙe milimita shida, da ɗan rara. Ramin ya buɗe, ka ba ni mai kauri da bakin injin hujin da zan daidaita shi. Kuma ban da mai laushin nan na tukwane, wanda gishiri ba ya ci nake so."

"Kai! Maza goma sun shigo yau, ba wanda ya faɗa min abin da yake so dalla-dalla haka. Kowa sai ya nuna min da yatsa."

Ta ajiye masa ta cikin gwangwanin a kan tebur. "Wannan fa?"

Ya juya ta a tafin hannu, ya tuntsure da dariya. "Har yanzu bai zubar da su ba? Wannan ta akwatin wasiƙa ce, 'yata. Ai na gaya masa tun ranar da ya shigo min da kafaɗa a ɗaure. Na ce Si Munsif, waɗannan ka sa a sanda? Ko kaftin ɗin jirgin yaƙi ne a kan tuƙi sai ta ɓalle. Ya sayi dogaye shida ya fita, ko sallama bai yi min ba."

Naziha ta tsaya cik. Ashe ba laifin tuƙinta ba ne, kuma Munsif ya sani; ba ta san ko haushi take ji ko sauƙi ba. Ta karɓi ƙullinta, ta ɗauki gajeriyar ƙusar ma ta jefa a aljihu.

Azahar ta gota da ta dawo. Ta gyara ramukan, ta kankare farantin, ta shafa man da ke raba ƙarfe da ƙarfe, ta zura ƙusa ta farko. Filayar ta yi mata tauri, sai da ta haɗa hannu biyu da gwiwa kafin ta ji ƙas! Haka har shida. Ta rataya a jikin sandar da dukkan nauyinta, ko motsi.

Si Lutfi ya iso da takardarsa a hammata, yana duban tutar da iska ke kaɗawa.

"Iskar yau ba ta wasa ba ce, Lalla. In kina so mu ce an gwada, ba wanda zai zarge ki."

"Rubuta lokaci kawai, Si Lutfi."

"Naziha," Munsif ya kira. "Ki kula da juyi. Kin san wancan karon..."

Ta hau gaɓa, ta durƙusa gabansa, ta buɗe hannunsa mai lafiya ta sa masa gajeriyar ƙusar a ciki. Ya dube ta, ya dubi ƙusar, sai ya sunkuyar da kai. Ta naɗe masa yatsun a kanta ɗaya bayan ɗaya.

"Amm Hamadi yana gaishe ka," ta ce. "Riƙe wannan har in dawo. Ni na riƙe maka ita shekara goma sha ɗaya."

Ta kwance igiya, ta ja ƙyallen sama, ta kama sandar tuƙi.