Kafin a Hau Sikeli

Ɗakin awo yana warin zufa da man zafi. 'Yan matan judo sun yi layi a gaban sikeli, ba mai takalmi a cikinsu. Maman Walƙiya tana zaune a benci rungume da jakar 'yarta, idonta a kan leɓen yarinyar da ya tsattsage.

Tun da ƙungiya ta ɗauko jami'ar kula da abinci, wadda yaran ke kira Anti Cokali, Walƙiya ta canza. Ƙwai da madara da safe, ayaba bayan atisaye, shinkafa da kifi a kan lokaci. Jirin da ke ɗibarta ya tafi. Al'adarta da ta ɗauke wata da watanni ta dawo. Sai dai jiki ya murje har ya wuce nauyin ajinta. Anti ta ce a kai ta aji na gaba. Koci ya ce can gingima-gingima ne, in ta je ta yi sallama da shiga tawaga bana.

Sai yarinya ta koma gidan jiya a ɓoye don rage nauyi: leda a ƙarƙashin riga, gudu a tsakar rana, cingam a baki tana tofar da yawu a gora. Ruwa kuwa ko kurɓa. Maman ta gani. Da ta yi magana, baban ya ce, "Kowa haka yake yi. Tana sauka daga sikeli ta sha randa guda."

"Mama, ki daina kallona haka," in ji Walƙiya, murya a dishe.

"Yaya nake kallonki?"

"Kamar wadda za a yi wa sutura."

"Ai saura ƙiris," in ji ta bayanta. Layi ya ɗauki dariya. Maman ba ta yi ba.

Anti Cokali ta shigo tana bin layi, tana gaisawa da kowa. Da ta zo kan Walƙiya ta riƙe hannunta, ta mintsini fatar bayansa ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ta ƙi kwanciya.

"Yaushe rabonki da ruwa?"

"Ɗazu na sha, Anti."

"Fitsarinki fa, wane launi?"

Walƙiya ta kalli ƙasa. Anti ta juyo wajen benci.

"Mama, ke zan tambaya."

Koci ya taso daga bakin ƙofa yana murmushi. "Haba Anti, mutum biyu ne a gabanta. A bari ta hau mana, sai ki ba ta duk abin da kike so."

"Da yamma za ta shiga fili. Jikin da ya bushe haka ba ya dawowa kafin yamma. In aka buga kanta da ƙasa, kai za ka ɗauke ta?"

Shekara guda yarinyar nan tana tashi tun duku-duku saboda yau. Ga ta yanzu tana kallon uwarta, kallon roƙo.

"Rabonta da ruwa tun shekaranjiya," in ji Maman.

"Mama," in ji Walƙiya.

"Ledar ma tana jikinta har safiyar nan. Ni na cire."

Koci ya yi tsaki ya fita. Anti ta zare Walƙiya daga layi, ta zaunar da ita, ta haɗa ruwan gishiri da sukari.

"A hankali, kaɗan-kaɗan. Yau babu fili. Zan sa sunanki a aji na gaba, gasar wata mai zuwa."

Walƙiya ta karɓi kofin da hannu biyu. Ta sha tana hawaye, ta matsa ƙarshen benci, nesa da uwarta.

A kan sikeli wata doguwa ce mai faɗin kafaɗa, mai awo yana kiran nauyinta.

"Anti, waccan wane aji take?" in ji Maman a hankali.

"Na gaba."

Maman ta ƙara matse jakar a ƙirjinta.